Kakaki ko Shugaba? Neman sunan mai riƙe da gudumar Majalisar Wakilai

1/
Wannan tambaya ce ga masu fassara da 'yan jarida da malaman Hausa: wane suna ya kamata mu tsayar wa mutumin da yake zama a kan babbar kujera a zauren Majalisar Wakilai, wanda Turawan Ingila suke kira Speaker, 'yan siyasarmu kuma suke cewa Sifika? A halin yanzu suna biyu ne suke yawo a jaridunmu da gidajen rediyonmu, wato Kakakin Majalisa da Shugaban Majalisa, kuma ba wuya a tarar da su duka a cikin labari ɗaya, wannan a kanun labari, wancan a cikin bayani. Ra'ayina shi ne mu tsaya a kan shugaba, mu bar kakaki ga wanda aikinsa magana ce.

2/
Kafin a raɗa wa muƙami suna, ya dace a dubi aikinsa. Sashe na 50 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce 'yan majalisa ne za su zaɓi wannan mutum daga cikinsu, kuma ba za a tsige shi ba sai da ƙuri'un kashi biyu cikin uku na wakilan, waɗanda yawansu ya kai 360. Da zarar an shigo da sandar majalisa an ɗora ta a kan tebur, ba wanda zai buɗe baki a zauren sai ya ba shi izini. Shi yake zaɓar wanda zai tashi daga cikin masu ɗaga hannu, shi yake katse wanda ya kauce wa batun da ake kai, kuma shi yake yanke hukunci idan wani ya miƙe ya ce an saɓa wa ƙa'idar zama. Idan an gama muhawara a kan ƙudiri, sai ya nemi masu goyon baya su amsa, sannan masu adawa su amsa, ya saurari muryoyin biyu, ya faɗi ɓangaren da ya yi rinjaye, ya buga guduma. Duk wanda ya saba kallon zaman a talabijin ya san cewa wani lokaci muryar masu cewa a'a ce take cika zauren, amma gudumar ta sauka a kan e, kuma a nan ne mutum yake gane nauyin kujerar.

Abin lura shi ne cewa a duk zauren babu wanda aka taƙaita wa bayyana ra'ayi kamarsa. Sashe na 56 ya hana mai jagorantar zama jefa ƙuri'a sai idan an yi kunnen doki, domin ya raba gardama. A wajen zauren kuwa, shi yake shugabantar kwamitin da yake raba wa wakilai kwamitoci da shugabancinsu, wanda shi ne ainihin abin da ake kokawa a kansa a duk lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar majalisa. Haka kuma idan shugaban ƙasa zai tafi hutu, Sifika da Shugaban Majalisar Dattawa ne Sashe na 145 ya ce ya rubuta wa takarda. Waɗannan duka ayyukan shugabanci ne da alƙalanci.

3/
To, ina kakaki ya shigo? Kakaki a asalinsa doguwar ƙahon ƙarfe ce da ta fi mutum tsawo, wadda ake busa wa sarakuna a ƙofar fada da ranar hawan salla, kuma ba a busa wa talaka ita komai dukiyarsa. Daga nan Hausa ta ari kalmar ta ba wa mai magana da yawun wani, aron da ya yi kyau ƙwarai, domin kakaki ba ya faɗin nasa, numfashin wani yake ɗauka ya kai nesa. Waɗanda suka fara kiran Sifika da kakaki sun fassara sunan Turancin ne kai tsaye, kuma in don ta tarihi ne ba su yi kuskure ba. A Ingila ta ƙarni na 14, majalisar talakawa takan zaɓi mutum ɗaya ya je gaban sarki ya isar da abin da suka tsayar. Peter de la Mare ya yi wannan aiki a 1376, sai kuma Thomas Hungerford a 1377, wanda shi ne na farko da aka rubuta da wannan laƙabi. Aiki ne mai haɗari, tun da kai wa sarki saƙon da ba ya so ba wasa ba ne, shi ya sa har yau idan an zaɓi sabon Sifika a birnin Landan, 'yan'uwansa sukan kama hannuwansa su ja shi zuwa kujerar kamar ba da son ransa ba.

A watan Janairun 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya shiga zauren da kansa yana neman wakilai biyar da yake son kamawa, ya tambayi Sifika William Lenthall inda suke. Lenthall ya durƙusa ya amsa masa cewa a wannan wuri ba shi da idon gani ko harshen magana sai yadda majalisa ta umarce shi. A wannan rana, babu shakka, kakakin majalisa ne. Sai dai aikin ya sauya tun tuni, sunan ne kawai Turawa suka riƙe saboda son al'adarsu, kuma babu abin da ya wajabta wa Hausa ta ɗauki nauyin tarihin da ba nata ba.

4/
Babbar matsalar ita ce Majalisar Wakilai tana da kakaki na gaske, wato shugaban kwamitin yaɗa labarai, wanda yake fitowa gaban 'yan jarida bayan zama ya yi bayani da yawun majalisar. Daga 2019 zuwa 2023 Benjamin Kalu na jihar Abiya ne ya riƙe wannan aiki. A watan Yunin 2023, ranar da aka zaɓi Tajuddeen Abbas na Zariya ya ɗare babbar kujera, Kalu aka zaɓa mataimakinsa. Idan aka bi fassarar da muka saba, labarin zai zama cewa tsohon kakakin majalisa ya zama mataimakin kakakin majalisa, kuma mai sauraro a Gusau ko Azare zai ɗauka an rage masa girma ne, alhali kuwa daga shugabancin kwamiti ɗaya ya tashi ya zama mutum na biyu a majalisar gaba ɗaya.

Ba a majalisa kaɗai abin ya tsaya ba. Kunnen Bahaushe ya saba da kakakin rundunar 'yan sanda, da kakakin fadar shugaban ƙasa, da kakakin jam'iyya, kuma a duk waɗannan wurare kakaki ma'aikaci ne da ake ba shi saƙo ya karanta. Saka mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa cikin wannan sahu yana rage wa mai sauraro fahimtar ikon da yake hannunsa. A jihohi ma abin ya fi fitowa fili, domin Sashe na 191 ya ce idan kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka zama babu kowa, Sifikan majalisar jiha ne zai yi riƙon ƙwarya. Haka aka yi a Adamawa a 2014, lokacin da aka tsige Gwamna Murtala Nyako, Sifikan majalisar jihar na lokacin, Ahmadu Umaru Fintiri, ya karɓi ragamar jihar. Wanda bai san tsarin ba zai yi mamakin yadda kakaki ya wayi gari yana mulkin jiha.

5/
'Yan'uwanmu na Nijar ba su taɓa shiga wannan ruɗani ba, domin tsarinsu ya biyo ta Faransa, inda shugaba ake kiran mai wannan kujera. Mahamane Ousmane da Hama Amadou da Seini Oumarou duk shugaban majalisar dokoki aka riƙa kiransu a Hausar Yamai da Maraɗi da Damagaram. Larabawa ma ra'isu suke cewa, wato shugaba. A Kamaru, wadda take aiki da Faransanci da Ingilishi tare, mutum ɗaya ne ake kira Sifika a wannan harshe, shugaba a wancan, abin da yake nuna cewa bambancin na suna ne kawai. Idan mun tsaya a kan shugaba, Hausar Kano da ta Damagaram za su haɗu a kan kalma ɗaya.

6/
Wani dattijo daga cikin malamanmu ya turo amsa mai nauyi, inda ya kawo hujja biyu. Ta farko, ya ce shugaba a kunnen Bahaushe mai bayar da umarni ne, alhali Sifika bawan majalisa ne, ɗaya daga cikin wakilai, don haka kiransa shugaba zai ƙara masa girman kan da dama an daɗe ana kuka da shi. Ta biyu, ya ce kalmar kakaki tana bambanta shi da Shugaban Majalisar Dattawa ba tare da dogon bayani ba.

Malam, Allah ya ƙara lafiya, hujjar farko tana da ƙarfi idan majalisar Birtaniya ake magana. A can, da zarar an zaɓi mutum sai ya ajiye jam'iyyarsa, kamar yadda Betty Boothroyd ta yi a 1992 da Lindsay Hoyle a 2019, kuma ko ƙuri'ar raba gardama ba ya jefa ta yadda ransa yake so. A watan Afrilun 2019, a tsakiyar rikicin ficewa daga Tarayyar Turai, an yi kunnen doki 310 da 310, sai Sifika John Bercow ya jefa tasa a ɓangaren a'a bisa daɗaɗɗiyar ƙa'idar da ta ce ba aikin mai kujera ba ne ya samar da rinjayen da babu shi. Amma mu tun 1979 tsarin Amurka muka bi, kuma a Amurka Sifika jagoran jam'iyya ne tsantsa, wanda yake biye da mataimakin shugaban ƙasa a jerin masu gadon mulki. Don haka ne sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 kafin Kevin McCarthy ya samu kujerar a Janairun 2023, kuma a Oktoban shekarar wasu 'yan jam'iyyarsa suka haɗu da 'yan adawa suka tsige shi.

Namu ma haka suke. Ghali Umar Na'Abba ya yi ta ja-in-ja da Shugaba Obasanjo tsakanin 1999 da 2003. Aminu Waziri Tambuwal ya hau a 2011 ba da son shugabannin PDP ba, da ya sauya sheƙa zuwa APC a Oktoban 2014 aka janye masa jami'an tsaro, har ta kai ga wasu wakilai sun haura ƙofar majalisa a watan Nuwamba. Yakubu Dogara ya kayar da ɗan takarar da jam'iyyarsa ta tsayar a 2015 da ƙuri'a 182 da 174. Ba a yin irin wannan kokawa a kan kujerar mai karanta sanarwa. Sunan da ya faɗi gaskiyar ikon ya fi amfanar talaka, domin ya san wanda zai tuhuma idan ƙudiri ya kwana a aljihun tebur. Kuma ai Hausa tana cewa shugaban ƙungiya da shugaban taro, ba wanda ya ɗauka cewa ba a iya sauke su.

Hujja ta biyu kuwa ba ta da wuyar warwarewa, tun da sunan majalisar ne yake bambantawa: Shugaban Majalisar Dattawa da Shugaban Majalisar Wakilai. Kalma ɗaya ce ta raba su, kuma ba wanda zai rikice.

7/
Inda na yarda akwai aiki shi ne muƙaman da suke kewaye da kujerar, domin idan shugaba ya yi yawa a jimla ɗaya, ruɗanin da muka kora ta ƙofa zai dawo. Mai jagorantar jam'iyyar da ta fi yawa a zauren, mu kira shi jagoran masu rinjaye, takwaransa kuma jagoran marasa rinjaye, mu keɓe kalmar shugaba ga mai guduma da shugabannin kwamitoci. Wanda yake kan kujera a wani zama na musamman, ko shugaban ne ko mataimakinsa, shi ne mai jagorantar zama. Wannan yana da amfani musamman idan majalisa ta rikiɗe ta zama kwamiti guda domin bin ƙudiri sashe-sashe, lokacin da ake sauke sanda daga kan tebur, mataimaki ya karɓi aikin. Shugaban kwamitin yaɗa labarai kuma mu kira shi mai magana da yawun majalisa, mu ɗan jinkirta ba shi sunan kakaki har sai kunnuwa sun saba, in ba haka ba za a yi shekaru ana tambayar wane kakakin ake nufi.

Kalmar Sifika ba laifi a bakin mai hira, kamar yadda Suwahili suka are ta suka ce Spika, amma a rubutu ba ta gaya wa mai karatu komai. Ita ce dai za ta yi mana rana a labarin Gana, inda tsarin mulki ya yarda a ɗauko mai kujerar daga wajen majalisa, kuma ba shi da ƙuri'a ko da an yi kunnen doki. Duk da haka, shi ma Alban Bagbin, wanda aka zaɓa a Janairun 2021, shugaban majalisar dokokin Gana ya kamata a rubuta, a ƙara jimla guda ta bayyana wannan bambanci.

Idan an amince da wannan, labarin Yunin 2023 zai fito kamar haka: an zaɓi Tajuddeen Abbas Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu kuma, wanda a da shi ne mai magana da yawun majalisar, ya zama Mataimakin Shugaba.