Yadda nas-nas suka yi magana da marasa lafiyarmu a kwanakinsu na ƙarshe

Daga Gwale:
Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwansa har rai ya yi halinsa ya ba mu labarin yadda ma'aikatan jinya suka riƙa yi wa mara lafiyar magana. Ni mahaifina na yi jinya a Asibitin Malam Aminu Kano bayan ƙodarsa ta gaza. Kowa ya ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi, kamar yadda muka saba. Wata sista ce kaɗai ba ta tsaya a nan ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai kansa ta ce, "Baba, mene ne yake hana ka barci?" A daren ne ya ambaci wani bashi da ake binsa a Kantin Kwari, wanda ko mahaifiyarmu ba ta san da shi ba, muka biya kafin ya cika.

Daga Fagge:
Allah ya jiƙan Baba. Ni ban ji daɗi ba a wani asibiti da ba zan ambata ba. Yayata tana fama da sankarar mama, idonta biyu, nas ta tsaya a kan gadonta ta ce mana mu daina ɓarnar kuɗi, mu mayar da ita gida. Wataƙila gaskiya ta faɗa, amma da ta ja mu gefe. Yaya ta juya fuskarta bango, ba ta ƙara cin abinci ba.

Daga Tarauni:
'Yar uwa, ki yi haƙuri, wannan kuskure ne babba. Na daɗe ina aikin jinya, kuma abin da ya fi yi mini wuya shi ne dangi su roƙe ni in ɓoye wa mara lafiya halin da yake ciki, alhali shi yana kallon ƙwayar idona yana tambaya. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai mutuwa ya haɗa jiki da zuciya da iyali da imani. Ba na yi wa marasa lafiya ƙarya, sai dai nakan fara tambayarsu abin da suka fahimta game da ciwon. Wata tsohuwa ta amsa mini da cewa ta sani tuntuni, 'ya'yanta take tausayi. Ta roƙe ni in juya gadonta ya fuskanci alƙibla, in kuma kira mata autarta.