Yaya ake kashe gafiyar da ta shiga keji ba tare da azabtarwa ba?

Assalamu alaikum. Ɓeraye da gafiyoyi sun addabe ni a ɗakin da nake ajiye masara da abincin kaji. Suna huda buhuna, kashinsu ko'ina. Ga shi rani ne, lokacin da zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera, don haka barinsu ba zai yiwu ba.

Na sa maganin ɓera, irin mai hana jini daskarewa. Ba ya kashewa nan take. Sai bayan kwanaki ka ga ɓeran yana jan ciki, jini na fita ta hanci, wani kuma ya mutu cikin rami ɗaki ya ɗauki wari. Ga fargabar kada kyanwa ko kaza ta ci mushen. Allon gam ya fi muni: ɓeran ya kwana yana tsuwa, fatarsa na saɓulewa. Tarkon ƙarfe mai sifirin yana gamawa da ƙananan ɓeraye, amma gafiya ta fi ƙarfinsa, ƙafa kawai yake kamawa ta ja shi ta tafi.

Yanzu kejin waya nake ɗanawa, yana kamawa da rai. To nan na kakare. Maƙwabta sun ce in nutsar da kejin a ruwa, zuciyata ta ƙi, domin shaƙewa ce a hankali. In na sake ta a daji kuma, gonar wani za ta faɗa.

Likitocin dabbobi, don Allah wace hanya ce za ta kashe gafiyar da ke cikin keji nan take, ba tare da na taɓa ta da hannu ba?