Mazaɓar Le Pen a Pas-de-Calais: ƙwace ta ta yi ko 'yan gurguzu ne suka zubar?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Maganata ita ce, Marine Le Pen, jagorar masu ra'ayin riƙau a Faransa, ba ta ƙwace mazaɓar majalisar dokoki ta 11 ta Pas-de-Calais da ƙarfinta ba, 'yan gurguzu ne da kansu suka zubar da ita. Ku duba tarihi mana. Yankin Hénin-Beaumont, inda mazaɓar take, yankin masu haƙar kwal ne a da, shekara da shekaru ba su san wata jam'iyya ba in ba ta gurguzu ko ta kwaminis ba. A 2007, lokacin garin yana cikin mazaɓa ta 14 kafin a sake yanka mazaɓu, ta tsaya Albert Facon ɗan gurguzu ya kayar da ita, kusan kashi 42 ta samu. Sai a 2009 aka kama magajin garin, Gérard Dalongeville na ɓangaren gurguzu, kan rasit na bogi da wawurar kuɗin gari, a 2013 kotu ta ɗaure shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 2017 ta ci da kashi 58, 2022 da 61, 2024 ko zagaye na biyu ba a je ba.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam. Malam ban yarda ba gaskiya, kana wanke masu jefa ƙuri'a ne kawai. Ni a Lille nake zaune, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce zuwa Hénin, kuma na san irin kallon da ake wa mai ɗankwali a kanti a wasu garuruwan nan. Mutum ya san sarai abin da jam'iyyar nan ke faɗa kan baƙi da musulmi tun zamanin babanta, ya ɗauki takarda mai sunanta ya sa a ambulan ya jefa, sannan a ce wai magajin gari ne ya jawo? Ɓarawo ɗaya aka kama, me ya hana su zaɓi wani mai gaskiya a cikin sauran?

Ɗan Damagaram: Hajiya ba ɗaya ba ne ai. A Liévin nan kusa, Jean-Pierre Kucheida na gurguzu da ya daɗe yana ɗan majalisa shi ma kotu ta ci shi tara a 2013 kan kashe kuɗin kamfanin gidajen ma'aikatan kwal a harkar gabansa. Mazaɓarsa ta 12 ita ma FN, jam'iyyar Le Pen, ta ɗauke a 2017.

Mai Rediyo: Ku biyun kun bar babbar magana a baya, wato aiki. Ramin kwal na ƙarshe a duk yankin a Oignies yake, an rufe shi a Disambar 1990. Metaleurop da ke narka dalma a Noyelles-Godault ta rufe a 2003, mutum sama da 800 suka wayi gari ba aiki kuma aka bar musu ƙasa gurɓatacciya da dalma, sannan masana'antar akwatuna ta Hénin ita ma ta tafi a 2007. Da can ƙungiyar ƙwadago ce ke riƙe da mutane, gida na kamfanin kwal, likita na kamfani, jam'iyya kuma a bakin rami take ɗaukar mambobi. Da ramin ya mutu duk wannan ya bi shi. Kuma Hajiya kar ki manta su kansu mutanen wurin da yawansu jikokin baƙi ne, 'yan Folan da suka zo a shekarun 1920, 'yan Maroko da aka kwaso daga ƙauyukan kudu a shekarun 1960 da 70. Nan ne fa Courrières inda mutum 1,099 suka mutu a rami a 1906.

Hajiya Bilki: Baba Mai Rediyo ai wannan ne ma abin da ya fi ci min rai, jikan baƙo ya zaɓi mai cewa a rufe ƙofa. Kuma in talauci ne dalili, Roubaix ta fi su talauci, me ya sa can ba Le Pen suke yi ba, ɓangaren Mélenchon, jagoran masu tsananin ra'ayin hagu, suke zaɓa?

Ƙanin Kowa: Yauwa, tunda an ambaci Mélenchon. Ni ina ganin zaɓen 2012 ne ya kamata a tsaya a kai. Ya taso takanas ya ce zai kara da ita gaba da gaba, 'yan jarida suka cika gari, ya zo na uku da kashi 21 da wani abu, Philippe Kemel ɗan gurguzu magajin garin Carvin ya samu kusan 24, ita kuma 42. A zagaye na biyu duk aka taru a bayan Kemel ya ci da ƙuri'a 118 kacal. Ta kai ƙara kotun tsarin mulki aka yi watsi da ita. To ƙuri'a 118 ai gargaɗi ne ƙarara, amma me aka yi da shi? Mélenchon ya tattara ya koma Marseille a 2017, Kemel kuma ko zagaye na biyu bai kai ba, 'yar takarar Macron, Anne Roquet, ce ta kara da ita.

Hajiya Bilki: Le Pen ɗin ma ai ba 'yar gari ba ce, a Neuilly-sur-Seine aka haife ta, unguwar masu kuɗi a gefen Paris.

Ƙanin Kowa: Haka ne Hajiya, amma tana da Steeve Briois na jam'iyyarta, shi ɗan yankin ne, tun shekarun 1990 yake bin kasuwa da ƙofa-ƙofa da takardunsa ana kayar da shi yana dawowa. 2014 ya zama magajin gari tun zagayen farko, 2020 ya sake ci da kashi 74. Shi ya sa ban yarda da Yaya Ɗan Damagaram gaba ɗaya ba, ko an zubar sai da mai tsinta, kuma sun sha wuya kafin su tsinta.

Ɗan Damagaram: Ƙanena ai Briois bai ci ba sai bayan shari'ar Dalongeville. Ko a zaɓen cike gurbi na 2009 faɗuwa ya yi.

Mai Rediyo: Da ƙyar dai aka kayar da shi. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne 2024. Da ana cewa don mutane ba sa fitowa ne take ci, to a wannan zaɓen kusan kashi biyu cikin uku na masu rajista a Faransa suka fito, ta ci da kashi 58 a ranar 30 ga Yuni. A ranar ce kuma Fabien Roussel shugaban kwaminis ya rasa kujerarsa a Saint-Amand-les-Eaux, shi da ba a kama da satar komai ba. A nan maganar cin hanci ba ta isa ta bayyana abin ba.

Hajiya Bilki: Madalla Baba. Kuma in cin hanci ne ke kore su, a Maris 2025 kotun Paris ta same ta da laifin karkatar da kuɗin majalisar Turai, ta ɗaukaka ƙara. Marine Tondelier ta jam'iyyar masu kare muhalli 'yar garin ce, a 2014 ta shiga majalisar gari a ɓangaren adawa, ta tsaya a 2022 kashi 39 kawai suka ba ta. Malam Ɗan Damagaram ka faɗa min laifin da ita ta yi musu.