Hancin jaririna ya toshe, robar zuƙo majina ta ƙi aiki

Assalamu alaikum iyaye mata, don Allah a taimaka mini da shawara. Ina Tawa, yarona wata uku gare shi. Tunda hunturu ya shigo da ƙurarsa hancinsa ya toshe. Da ya kama nono sai ya saki yana kuka, don numfashin jariri kusan duk ta hanci ne.

A farmasi na sayi robar nan mai kamar ƙwallo, da ƙananan kwalaben ruwan gishiri na hanci, mai kashi 0.9 cikin ɗari. Ina ɗiga masa ruwan, in matse robar, in sa bakinta a ƙofar hanci, sannan in saki a hankali. Amma majinar ta yi kauri, ba ta fitowa, gefen hancin kuma har ya fara ja.

Surukata ta ce in zuƙe da baki in ɗiga nono, haka suka raini nasu. Ni dai raina bai kwanta ba.

Minti nawa ake jira bayan ɗiga ruwan? Sau nawa a yini ake zuƙowa ba a ji masa ciwo ba? Robar zuƙo majina mai tiyo da abin tacewa wadda uwa ke ja da baki ta fi mai kamar ƙwallo ƙarfi? Jikinsa babu zafi, ko duk da haka in kai shi likita?