Mendi: hazo ne ya ci mutum 646, ko sakacin kyaftin?

Tsohon Soja: Jama'a, ni ban yarda a kira nutsewar Mendi haɗari kawai ba. Jirgin fasinja ne na kamfanin Elder Dempster, an ƙera shi a Glasgow a 1905, yana zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta karɓe shi don jigilar soja, har ya kai sojojin Najeriya Dar es Salaam. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, kusa da tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, jirgin Darro ya soke shi a gefe. Mutum 646 suka halaka, mafi yawansu baƙaƙen lebura daga Afirka ta Kudu da za a kai Faransa. Wannan sakaci ne.

Ɗan Jami'a: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi adalci. Hazo ne ya rufe teku, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga yaƙi, ga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna farauta. Wane kyaftin ne zai tsaya cak a wurin?

Malamar Tarihi: Ƙanena, hukumar binciken da Ingila ta kafa da kanta ba ta karɓi wannan uzuri ba. Ta samu kyaftin ɗin Darro, Henry Stump, da laifin sharara gudu cikin hazo ba tare da busa ƙahon gargaɗi ba. Darro ya kusa ninka Mendi uku a girma.

Ɗan Jami'a: To Malama, ai an hukunta shi.

Tsohon Soja: Wane hukunci, ɗana? Dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya! Ni ba karon ne ya fi ci mini rai ba, karo kan faru. Abin da ya biyo baya ne. Mendi ya nutse cikin minti ashirin da 'yan kai. Mutane na cikin ruwan hunturu mai ƙanƙara, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai a wannan tafiya, sun rungume katako suna ihu cikin duhu. Darro yana nan kusa, bai sauke kwalekwalen ceto ko ɗaya ba. Sojojin jirgin rakiya, Brisk, su suka yi ta tsamo mutane. In tsoron Jamus ne, su ba sa tsoro?

Ɗan Jami'a: Nan kam bakina ya mutu. Sai dai ban amince a ce don baƙaƙe ne ya ƙi ba. A cikin duhun nan yaya zai san launin fatarsu? Akwai Turawa ma cikin mamatan.

Malamar Tarihi: Zuciyar Stump Allah kaɗai ya sani. Amma abin da gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi a rubuce yake: baƙaƙenta da suka yi wannan aikin lebura ba a ba su lambar yabo ta yaƙi ba, har da waɗanda suka tsira daga Mendi.

Tsohon Soja: Ƙararrawar Mendi ma sai 2018 Theresa May, firaministar Birtaniya a lokacin, ta miƙa wa shugaban Afirka ta Kudu, Ramaphosa. Ɗana, je ka duba rahoton binciken, ka dawo mu ci gaba.