Gwajin antibodi na maleriya, ina amfaninsa tunda ga RDT?

Ɗalibar lab:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana harkar lafiya ku taimaka min. Ana ta maganar auna antibodi (sinadaran kariya da jiki ke samarwa idan cuta ta shige shi) a jini wai don a san yawan maleriya a yanki, ni kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne ai antibodi yana daɗewa a jiki ko mutum ya warke, to ta ina zai nuna wa ke da cutar yanzu? Ga RDT (gwajin gaggawa na maleriya) ga makiroskop, meye na ƙarin wahala?

Tsohon ma'aikacin lab:
Wa alaikissalam ƙanwata. Gaskiyarki, ba zai nuna mai cutar yanzu ba, kuma duk wanda ya ba mara lafiya magani saboda an ga antibodi a jininsa ya yi kuskure babba. RDT ɓarawon yake kamawa a cikin gida, antibodi kuwa sawun da ya bari ne. Gari ake aunawa da shi, ba mutum ɗaya ba.

Ga inda abin yake da daɗi. Idan maleriya ta yi ƙasa sosai a wuri sai ki gwada mutane ɗari ɗari da makiroskop ki samu ɗaya ko biyu, ko ma babu, sannan lissafin yana hawa da sauka tsakanin damina da rani, kamun sauro a duba ko yana ɗauke da cutar shi ma a irin wannan wurin wahala ce kawai. Amma antibodi na MSP-1 da AMA-1 (wasu furotin na jikin ƙwayar maleriya) yana iya shekaru a jini, sai a jera mutane bisa shekarunsu a ga yadda masu antibodin ke ƙaruwa daga yara zuwa manya, daga nan ake fitar da yawan masu kamuwa a shekara. In kika ga manya kusan duk suna da shi amma yara 'yan ƙasa da shekara 10 kusan babu, to kin san kusan shekara 10 ke nan da yaɗuwar ta karye a wurin. An yi irin wannan aikin a Tanzaniya, aka wallafa a 2005, ƙauyukan kan tsaunuka masu antibodi kaɗan ne, na ƙasa inda sauro ya fi yawa kuwa tun suna yara suke samu.

Mai aikin rigakafi:
Yallaɓai ya gama magana, ƙari kawai zan yi. A kula da jarirai, antibodin da ke jininsu a watannin farko na uwa ne, shi ya sa ake cire su daga lissafi. Sannan rigakafin maleriya na RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta amince da shi a 2021 da R21 na 2023 duk a kan CSP, wani furotin na ƙwayar maleriya, aka gina su, yaron da aka yi wa allurar zai nuna antibodin CSP ko sauro bai taɓa sa masa cutar ba, don haka dole a san wane antijin, wato wane furotin na ƙwayar cutar, ake auna antibodinsa.

Ɗalibar lab:
Na gode sosai wallahi, yanzu na fahimta. To jinin fa, sai an ɗiba a sirinji an sa a firij?

Tsohon ma'aikacin lab:
A'a, huda yatsa ake a ɗiga a takardar tacewa ya bushe, a sa a leda da abin tsotse danshi a kai lab a yi gwajin gano antibodi da ake kira ELISA, ko na Luminex da ke auna antijin da yawa a ɗigo ɗaya har da na wasu cututtukan. Abin da nake jin tsoro shi ne tafiye-tafiye, mutum ya kamu a wani gari ya dawo gida a lissafa shi a nan, don haka kar ki yarda a ɗebi jini ba a tambayi shekaru da inda mutum ya je ba.