Wai da gaske maganin tazarar haihuwa yana kawo kansar jini?

Ummu Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yayata aka gano tana da limfoma, wani nau'in kansar jini, ƙulli ne ya fito mata a wuya ba ya zafi ba ya komai shi ya sa ta yi ta share shi, sai da rama da zufar dare suka haɗu sannan aka ɗebi naman aka gwada. Yanzu dangi kowa da abin da yake faɗa, wasu sun ce ƙwayar tazarar haihuwa da ta daɗe tana sha ce, wasu sun ce don haihuwarta biyu kacal. Ni ma fa ƙwayar nake sha, wlh ko barcin kirki ba na yi.

Anti Nas:
Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata. Masana sun daɗe suna bin wannan maganar, amma abin da ya ja hankalinsu akasin zancen danginku ne: maza sun fi mata kamuwa da yawancin kansar jini, lukimiya da limfoma da mayeloma, wata lukimiyar da ake ce wa CLL ma kusan ninki biyu. Kuma fararen ƙwayoyin jini suna da wurin da sinadarin istrojin, wato homon ɗin mata, yake maƙalewa, sai aka yi zargin ko homon ɗin mata kariya yake ba su. Aka yi ta duba shekarun fara al'ada, yawan ciki, shayarwa, shan ƙwaya, lokacin ɗaukewar al'ada. Babban binciken EPIC na Turai ya bi mata sama da 300,000 shekara da shekaru bai ga wata alaƙa a fili ba tsakanin waɗannan da limfoma, in ban da matan da tiyata ce ta tsayar musu da al'ada, su an ga haɗarin ya ɗan ɗaga. Sauran binciken kuma wannan ya ce ya ɗan ragu wancan ya ce ya ɗan ƙaru, ba su tsaya a magana ɗaya ba.

Hajiya Babba:
To amma Anti ni na ji an ce WHO da kanta ta sa ƙwayar nan a jerin abubuwan da ke kawo kansa fa.

Anti Nas:
Haka ne Hajiya, hukumarsu ta binciken cutar kansa, IARC, ce, kan ƙwayar da ta haɗa homon biyu. Amma kansar mama da ta bakin mahaifa da ta hanta ake nufi, ba ta jini ba. Ita wannan ƙwayar kuma tana rage kansar ƙwan mace da ta cikin mahaifa. Wadda ke son canzawa ta zauna da likitanta, kar a yar haka kawai a wayi gari da cikin da ba a shirya ba.

Abban Sadiq:
Abin da ke min ciwo an bar jaki ana dukan taiki. Abubuwan da aka tabbatar suna nan: sinadarin benzin, taba, kemo (maganin cutar kansa) ko gashin cutar kansa da na'ura da aka taɓa yi wa mutum, HIV, ciwon hanta nau'in C, ƙwayar cuta ta bairos mai suna EBV. Kuma da yawan masu cutar ba su da ko ɗaya. Matsalar mata ita ce alamomin suna ɓuya, gajiya da ƙarancin jini a ce laulayi ne, al'ada ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa a ce sanyi ne, alhali idan ɓargo ya kasa yin ƙwayoyin da ke tsayar da jini haka take yi, har da zubar jini a dasashi da tabo a jiki ba tare da an buge ba. Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini bai da wahala ko kaɗan.

Ummu Hanan:
Na gode sosai, har na ji sanyi. To ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya fa?

Anti Nas:
Haɗarin yana ɗan ƙaruwa ga 'yan uwa na jini amma duk da haka ƙarami ne, ba a yi wa mai lafiya gwajin limfoma na kai a kai. Ki dai faɗa wa likitanki, kuma kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi da ta yi makonni ba ta sauka ba ki kai a duba.